Tsakanin Magini da Mai Sassaƙa: Ayyukan Heatherwick a Ma'auni

Wanda ya kalli bikin buɗe gasar Olamfik ta Landan a daren 27 ga Yulin 2012 da wuya ya manta yadda aka kunna wutar gasar. Kowace tawaga da ta shigo fili, har da ta Najeriya da ta Nijar, akwai yaro tare da ita riƙe da wani ƙoƙon tagulla mai siffar fure. Aka tara ƙoƙuna 204, aka ɗora kowanne a bakin doguwar sanda da ke kwance, aka cinna musu wuta. Sai sandunan suka riƙa miƙewa a hankali har harsunan wutar suka haɗu suka zama ɗaya. Da aka tashi daga gasar, aka aika wa kowace ƙasa ƙoƙonta. Injiniya zai ce aikin inji ne, mai sassaƙa zai ce nasa ne, kuma kowannensu yana da gaskiya.

Kamfanin da ya tsara wannan kaskon wuta shi ne Heatherwick Studio, wanda Thomas Heatherwick ya kafa a Landan a 1994. An haife shi a 1970, ya yi karatun tsara kayayyaki a Manchester, ya ƙara da Royal College of Art. Ba shi da lasisin masu zanen gini. Mahaifiyarsa mai sana'ar duwatsun ado ce, kuma ya sha bayyana cewa tun yana yaro yake mamakin yadda ake ɓata lokaci wajen ƙawata ɗan kunne, amma a gina katafaren bene ba tare da irin wannan kulawa ba. Don haka ya tara masu zanen gini da injiniyoyi da masu tsara lambu da masu aikin hannu a inuwa ɗaya, tare da wurin gwada katako da ƙarfe kafin a kai ga filin gini. Daga nan suka fito da gada, da motar safa ta Landan, da ginin jami'a a Singafo, da ofisoshin Google, da manyan sassaƙe na tsakiyar gari.

Ba shi kaɗai ba ne a wannan layi. Mai fasaha Olafur Eliasson da mai zanen gini Sebastian Behmann sun kafa nasu kamfanin, Studio Other Spaces, a Berlin a 2014. Abin da ya buɗe wa irinsu kasuwa a fili yake. Kwamfuta ta sa ana iya lissafa nauyin kowace irin siffa komai karkatarta, inji kuma ya yanka ƙarfen daidai. Tun da gidan fasaha na Guggenheim ya jawo wa birnin Bilbao na Sifen baƙi daga 1997, magadan gari da attajirai suke neman abin da za a gani a ce ga garin wane. Wayar hannu ta zo ta ƙarasa, domin yanzu kowane baƙo mai ɗaukar hoto ne.

Tambayar da ta dame ni a kan wannan haɗi ita ce: idan aka gama sana'o'in nan biyu, ƙa'idar wa za a bi? Mai sassaƙa yana da 'yancin da magini ba shi da shi. Yana iya yin abin da ba shi da wani amfani sai kallo, wanda bai so ba ya kawar da kai. Magini kuwa amana ce a wuyansa. Mutane za su shiga cikin abin da ya yi, da tsoho da gurgu da yaro mai ƙiriniya da wanda duniya ta yi wa zafi, ruwan sama zai doke shi, wani zai biya kuɗin gyaransa bayan an manta da bikin buɗewa. A ganina, ayyukan Heatherwick sun yi kyau matuƙa a inda ya ɗauki amanar magini tare da 'yancin mai sassaƙa, sun kuma jawo asara, wani lokaci mai ɗaci ƙwarai, a inda aka karɓi 'yancin aka jinkirta amanar.

A fara da inda abin ya yi kyau. A baje kolin duniya na Shanghai a 2010, ƙasashe suka yi ta cika rumfunansu da allunan talabijin da jawabai. Rumfar Birtaniya, wadda Heatherwick ya tsara, ɗaki ne guda, an soke jikinsa da siraran sanduna 60,000 na roba mai garai-garai, kowace tsawonta mita bakwai da rabi, ta yadda daga nesa sai ka ce bushiya ce ta tayar da ƙayoyinta. Iska na kaɗawa sandunan na rausaya. A ƙarshen kowace sanda ta ciki an saka ƙwayoyin iri, jimilla kusan 250,000, domin tunatar da mutane aikin adana irin tsirrai da lambun Kew ke yi. Da rana, hasken waje ke bin sandunan ya haska kowace ƙwaya a cikin duhun ɗakin. Sandar ita ce bango, ita ce taga, ita ce akwatin nunin. Babu inda za ka sa hannu ka ce wannan ado ne, wannan kuma gini. Rumfar ta ci lambar zinare ta baje kolin, kuma da yake aikin wata shida ne, ba a ɗora mata nauyin da ya fi ƙarfinta ba.

Aikin da na fi ganin girmansa yana Afirka ne, a bakin tashar jiragen ruwa ta Cape Town. Akwai wani tsohon rumbun gwamnati na kankare da aka gina a shekarun 1920 domin tara masarar da ake fitarwa waje. Tsayinsa mita 57, kuma ya daɗe yana cikin gine-gine mafiya tsawo a kudancin nahiyar. An daina amfani da shi a 2001. Masu wurin suka so mayar da shi gidan nunin fasahar Afirka ta zamani, amma akwai matsala babba: cikin ginin ba ɗakuna ba ne, dogayen bututu ne na kankare guda 42 a tsaye, manne da juna, babu inda mutum zai tsaya ya ɗaga kai ya san ya shigo wuri. Mai neman sauƙi zai rushe ya sake gini. Mutanen Heatherwick kuwa suka ɗauki ƙwayar masara guda, suka auna siffarta da na'ura, suka faɗaɗa ta a kwamfuta har ta kai tsayin mita 27, sannan suka yanke wannan siffa daga tsakiyar bututun. Da yake tsohon kankaren ba shi da kauri, sai da aka zuba sabo a cikin bututun ya riƙe su kafin a sa zarto. Abin da ya fito zaure ne mai ban mamaki, inda bakin kowane bututu da aka yanka ya zama baka mai lanƙwasa, haske na saukowa daga rufin gilashi, matakala da na'urar hawa bene na bi ta cikin bututun da hatsi ke kwarara a da.

Aka buɗe shi a Satumban 2017 da sunan Zeitz MOCAA. An yi ƙorafi, kuma ƙorafin yana da tushe: kayan farko na wani attajiri Bajamushe ne, Jochen Zeitz, mai tsara ginin Bature ne daga Landan, a saman ginin kuma akwai otal ɗin da talakan birnin ba zai iya kwana ciki ba. Wasu suka ce zauren ya fi kayan da ke ɗakunan nuni jan ido, alhali domin kayan aka yi ginin. An ɗan rage wannan zafi da aka naɗa marigayiya Koyo Kouoh, haifaffiyar Kamaru, ta shugabanci gidan a 2019, aka kuma ware safiyar Laraba domin 'yan Afirka su shiga kyauta. Amma ta fuskar aikin kansa, ban ga abin kushewa ba. Sassaƙar ba ɗora ta aka yi a kan ginin ba. Ita ce ta warware matsalar ginin, ta samar da haske da hanya da sarari, ta kuma bar tarihin wurin a bayyane.

Wannan hanyar tunani ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Babban Gwani Mikaila, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, bai raba ƙarfin gini da kyansa ba: bakan gizon da ke ɗauke da rufin, na ƙasa da azara, shi ne kuma abin da ke sa mai shiga ya ɗaga kai. Masu zanen bango na Zariya da Kano da unguwar Birni ta Damagaram, da dagi da sauran zayyana a fuskar zaure, ga mai wucewa a titi suke yi wa aiki, ba mai gida kaɗai ba. A Yama ta jihar Tawa, magini Falke Barmu ya fara masallacin garin a 1962, ya yi ta ƙara masa hasumiyoyi kowace da siffarta, har aikin ya ci lambar Aga Khan a 1986. Akwai abu ɗaya da waɗannan magina suke da shi wanda kamfanin da ke aiki a nahiyoyi huɗu ba shi da shi: a garin suke zaune. Idan indararo ya toshe ko yaɓe ya zube bayan damina, an san ƙofar da za a buga, shi ma ya san zai haɗu da mai gidan a masallaci.

Rashin wannan kusanci ya fara nuna kansa da wuri a tarihin Heatherwick. Domin tunawa da wasannin ƙasashe renon Ingila na 2002, birnin Manchester ya ba shi aikin wata sassaƙa mai suna B of the Bang, tsayinta mita 56, da tsinannun ƙarafa 180 da suka bazu ta ko'ina. Ana saura kwanaki a ƙaddamar da ita a Janairun 2005 tsinin ɗaya ya faɗo. Matsaloli suka ci gaba, aka killace wurin, majalisar birnin ta kai ƙara, aka sasanta a kan fam miliyan 1.7, aka kwance sassaƙar a 2009. Allah Ya sa ba ta faɗo kan kowa ba.

Gadar lambu ta Landan da ya zana kuwa ko tubali ɗaya ba a aza ba. Shirin shi ne a shimfiɗa gadar ƙafa mai itatuwa da furanni a kan kogin Thames, kuma magajin garin na lokacin, Boris Johnson, ya rungumi shirin hannu bibbiyu. Hotunan da aka zana sun yi kyau. Da mutane suka fara bincike sai suka ga wurin ba ya cikin inda ake ƙarancin gada, za a riƙa rufe ta da dare, za a kuma keɓe wasu ranaku domin liyafar masu kuɗi, kiyasin kuɗin ya tashi daga fam miliyan 60 ya haura miliyan 200. Binciken da 'yar majalisa Margaret Hodge ta yi a 2017 ya soki yadda aka ba da kwangilar zanen, ya ce ba a yi gasar a buɗe bisa adalci ba. Sabon magajin gari Sadiq Khan ya ƙi lamunce kuɗin kula da gadar na shekara-shekara, aka binne shirin a watan Agustan wannan shekara. An riga an kashe kimanin fam miliyan 53, wajen miliyan 43 daga ciki kuɗin jama'a ne. Laifin ba na mai zane kaɗai ba ne, 'yan siyasa ne suka sa hannu. Amma kyan hoton ne ya rufe bakin masu tambaya har tsawon shekaru, kuma wanda ya zana hoton ya san ƙarfinsa.

Sai Vessel, wanda a kansa ne maganar ta fi nauyi. A yammacin Manhattan ta New York, kamfanin Related na attajiri Stephen Ross ya gina sabuwar unguwa ta dogayen benaye da kantunan masu hali, Hudson Yards, a kan tashar ajiye jiragen ƙasa. Ana son wani abu a tsakiyar dandalin da zai ja jama'a. Heatherwick ya ce ya ɗauko tunanin daga rijiyoyin Indiya masu matakala, inda mutane ke sauka ɗibar ruwa su zauna su huta. Ya tsara hasumiyar matakala zalla: tsayi mita 46, jerin matakala 154, taki 2,500, wuraren tsayawa 80, ƙasanta tsuke, samanta buɗe, an lulluɓe ƙarƙashin matakalan da ƙarfe mai sheƙi launin tagulla. A Italiya aka ƙera gutsattsarinta aka kawo ta jirgin ruwa. Kuɗinta ya kai wajen dala miliyan 200. Aka buɗe ta a Maris ɗin 2019.

Rijiyar Indiya tana da ruwa a ƙarshen matakalarta, shi ne dalilin sauka. A ƙarshen matakalar Vessel babu komai sai wata matakalar, babu wurin zama, babu inuwa. Wannan kaɗai bai zama laifi ba, mutane da yawa sun hau sun ji daɗi. Amma an kira ta wurin jama'a, alhali mai keken guragu wurare ƙalilan kawai zai iya kaiwa, har sai da lauyoyin gwamnatin tarayya suka sa baki a ƙarshen 2019 aka yi yarjejeniyar ƙara na'urar ɗaga mutane. Abin da ya fi wannan muni shi ne shingen gefe, wanda bai wuce ƙirjin mutum ba. Tun a 2016, kafin a fara kafa ta, wata marubuciya kan gine-gine ta yi gargaɗi a rubuce game da gajartarsa. Bayan mutum na farko ya kashe kansa a wurin a farkon 2020, majalisar unguwar ta roƙi a ɗaga shingen. Ba a ɗaga ba. Aka rufe a Janairun 2021 bayan rai na uku, aka sake buɗewa a Mayu da ƙarin masu gadi da dokar hana mutum hawa shi kaɗai da kuɗin shiga dala goma, shingen yana nan yadda yake. A Yuli aka rasa yaro ɗan shekara goma sha huɗu. Sai a lokacin aka rufe ta na tsawon lokaci, ba a sake buɗewa ba sai Oktoban 2024, bayan an sa ragar ƙarfe daga ƙasa har sama a sassan da ake hawa, aka bar hawa na ƙarshe a rufe.

Ba na jin daidai ne a ce gini ne ya kashe waɗannan bayin Allah, domin ciwon da ke kai mutum ga wannan hali ya fi gini zurfi. Amma likitoci da masu bincike sun daɗe da nuna cewa shinge mai tsawo a irin waɗannan wurare yana ceton rayuka, saboda sau da yawa halin na ɗan lokaci ne, idan ya wuce mutum ya tsira. Kamfanin Heatherwick ya bayyana cewa ya gabatar da hanyoyin ƙara kariya, shawarar ƙarshe kuma ta mai kayan ce. Ko da haka ne, abin da ya faru ya nuna inda haɗin ya karye. Da ana kallon abin a matsayin bene mai hawa goma sha shida da dubban mutane ke hawa kullum, da tun ranar farko an tambayi me zai faru da mai rauni. An kalle shi a matsayin sassaƙa, wadda taɓa siffarta ɓata ta ne, har aka rasa rai huɗu kafin a yarda a taɓa.

A 2023 Heatherwick ya fitar da littafi mai suna Humanise, inda ya yi yaƙi da gine-ginen zamani masu shafaffen jiki, na gilashi da kankare, waɗanda ba su ba idon mai wucewa komai. Yana cewa suna gajiyar da zuciya, kuma da yake ba mai ƙaunarsu, da wuri ake rushe su, a yi asarar dukiya da gurɓata muhalli. Na yarda da shi a nan, kuma wanda ya ga yadda ake rushe tsofaffin gidaje masu zane a biranenmu ana maye su da jerin shaguna iri ɗaya zai fahimci zafin da yake ji. Inda na rabu da shi shi ne maganin. Gini ba ya zama na mutane don kawai fuskarsa tana da lanƙwasa. Yawancin gine-gine marasa fasali ƙarancin kuɗi da gaggawar riba ne suka haife su, kuma irin ayyukan da shi yake yi sai gwamnati ko hamshaƙin attajiri ke iya biya. Wanda ya biya kuwa shi ke da ta cewa, yau da gobe. Kanawa sun ga wani ɓangare na wannan a Yunin 2023, lokacin da aka rushe shataletalen gaban gidan gwamnati wanda aka gina domin cikar jihar shekara hamsin. Ko mutum yana goyon baya ko yana adawa, ya ga cewa ado na bainar jama'a yana tsayawa ne muddin mai iko yana so.

Shi ya sa wani aikinsa a New York ya fi wuyar yanke wa hukunci. Kudu da Vessel, a kan kogin Hudson, akwai Little Island, lambun da aka buɗe a Mayun 2021. A wurin akwai tsohuwar matsayar jiragen ruwa da ta lalace, inda aka sauke waɗanda suka tsira daga hatsarin jirgin ruwa na Titanic a 1912. Maimakon a kafa turaku a shimfiɗa daɓe a kansu yadda aka saba, sai aka sa turakun da kansu suka buɗe a sama suka zama manyan tukwanen kankare 132, wasu sama wasu ƙasa, aka cika su da ƙasa aka dasa itatuwa da ciyayi, tare da mai tsara lambu Signe Nielsen. Bambancin tsayin ya samar da tudu da kwari, ya ɗaga lambun sama da inda ambaliya ke kaiwa, darasin da guguwar Sandy ta koya wa birnin a 2012, ya kuma bar rana ta kai ga ruwan da ke ƙasa saboda kifaye. Akwai hanyoyi masu gangara da keken guragu ke bi har ƙoli, akwai wuraren zama, akwai dandalin wasanni mai ɗaukar mutum kusan 700. Shiga kyauta ne. A nan siffar da ta ja ido ita ce kuma ke ɗauke da ƙasar da itatuwan ke tsaye a kai, kamar yadda aka yi a Cape Town.

Sai dai kuɗin, kimanin dala miliyan 260, kusan duka daga gidauniyar attajiri Barry Diller da matarsa Diane von Furstenberg suka fito. An tsara shirin ba tare da an tuntuɓi jama'a sosai ba, aka yi ta shari'a a kansa, har Diller ya janye a 2017 kafin gwamnan jihar ya sasanta a dawo. Unguwar da aka yi lambun tana cikin mafiya arziki a birnin, ga unguwannin talakawa da lambunansu ke jiran gyaran famfo da kujeru. Gidauniyar ta ɗauki nauyin kula da wurin na shekara ashirin. Kankaren da ke tsaye cikin ruwan gishiri zai ci gaba da neman gyara bayan wannan wa'adi ya cika, kuma filin na hukumar lambun kogin Hudson ne, wato na jama'ar birnin da na jihar.